Ka sa Ubuntu a tsohuwar laftop ɗinka, kada ka sayi wata tukuna

Malam, ka tambaya ko ka sayi wata laftop ko ka ci gaba da tsohuwar. Tunda da Flutter da Laravel (kayan aikin gina manhaja) kake rubutawa, kuma laftop ɗin taka i5 ce ta jenareshon na 6 da Windows 11 ba ya karɓa, ka sa mata Ubuntu kawai, wato wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows.

Ni ma ThinkPad T460 gare ni, irin wannan i5 ɗin. Da aka sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 babu sauran sabuntawar tsaro ga Windows 10, hankalina ya tashi, don a kanta nake ajiye manhajar wani kantin magani da ke biyana duk wata. Ranar wata Asabar na kwashe ayyukana a filashi, na canza mata ma'ajiyar bayanai zuwa SSD mai sauri, na ɗora Ubuntu 24.04. Kafin la'asar VS Code da Android Studio, manhajojin da nake rubuta aiki da su, sun zauna daram. Abin da ya fi burge ni shi ne emulator (wayar Android ta gwaji a cikin kwamfuta), wanda a da sai in kunna shi in je in dafa shayi in dawo. A Linux yana hawa kan KVM, fasahar da ke ba shi damar amfani da firosesa kai tsaye, yanzu tashi yake nan take, fankar ma ta rage kuka. Ubuntu 24.04 tana da tallafi har 2029. Abin da ya wahalar da ni firinta ce, kwana biyu muna kokawa.

Windows 11 kuwa ba laifi, in kana rubuta manhajar tebur da Visual Studio ba ka da makawa sai shi, amma sai ka nemo kuɗin wata na'urar. Biyan Microsoft dala 30 don ƙarin tallafin tsaro na Windows 10 kuma jinkiri ne kawai, Oktoba 2026 ya ƙare.

In ma ka dage sai ka sayi laftop ta hannu, ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura) da firosesar Intel jenareshon na 8 zuwa sama, to su sai su tsallake wannan binciken da Rufus (manhajar haɗa filashin ɗora Windows), su ɗora shi a kan tsohuwar na'ura, su ce maka "ai ga shi nan yana aiki". Haka aka yi min bara da na sayo wa ƙanena. Babbar sabuntawa ta fito, laftop ta ƙi ɗauka, mai shagon kuma ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Tun a gaban mai shago ka buɗe Settings ka karanta sunan firosesa: i5-8250U na 8 ne, i5-6300U na 6 ne, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida (daga jenareshon na 10 zuwa sama kuma lambobi biyu na farko ne). Kada ka yarda da sitikar da ke jikinta, mannawa ake yi.

Kuɗin da ka tanada, ka ƙara RAM ta kai 16GB, Android Studio ci gare shi. Ka fara gwada Ubuntu daga filashi ka ga Wi-Fi ɗinka ya kama kafin ka goge komai.