Saurare ko Toshe Sigina: Wanne Aikin Soja Zai Dace da Kai?

Takardun ɗaukar soja sukan haɗa yaƙin lantarki da tatsar bayanan sadarwa a layi ɗaya, har mai nema ya ɗauka abu guda ne. Duk suna mu'amala da igiyar rediyo, amma yinin mai wannan aiki bai yi kama da na mai wancan ba. Kuma idan rundunar ta gama kashe kuɗi wajen horar da kai, canza sashe ba abu ne mai sauƙi ba. Don haka a tantance tun kafin a sa hannu.

Mu fara da mai sauraron magana. Aikinsa tsoho ne: a 1914, a yaƙin Tannenberg, Jamusawa sun kama saƙonnin rediyon Rasha da aka aika ba a sirranta ba, suka san inda rundunonin suka dosa. A sojan ƙasa na Amurka lambar wannan aiki 35P ce, kuma hanyar tana bi ta makarantar harsuna ta Monterey a Kalifoniya, inda Larabci da Sinanci da Koriyanci ke cin mako 64. Ko kafin nan akwai jarrabawar DLAB, wadda ake yi da harshen da aka ƙirƙira, don a ga yadda kunnenka ke kama ƙa'idar abin da bai taɓa ji ba. Aikin kansa kuwa haƙuri yake ci. Ga abin saurare a kunne, ga ƙarar iska a layi, wani ya yi magana ta daƙiƙa shida cikin karin harshen ƙauyensu, kai kuma ka maimaita ta sau goma don ka tabbatar sha biyar ya ce ko hamsin. Wanda zaman wuri ɗaya ke gundura, ya nemi wata ƙofa.

Akwai mai saurare na biyu, wanda ba ruwansa da muryar mutum. Shi radar yake bi. Kowace radar tana da kamanninta: mitar da take aiki a kai, tazarar da ke tsakanin bugunta, da saurin juyawar eriyarta. Da waɗannan ake gane cewa wannan ta jirgin kasuwanci ce, waccan kuma ta makami mai linzami ce da ta riga ta kafa maka ido. Sojan ruwan Amurka na horar da irin waɗannan a Pensacola, a jihar Florida. Mai son lissafi da tsarin abubuwa, a ganina nan ne gidansa.

Sai mai toshewa, wato mai yaƙin lantarki da ke watsa sigina don dagula rediyo da radar na abokin gaba; lambarsa 17E a sojan ƙasa na Amurka. Mai saurare shiru ne garkuwarsa. Mai toshewa kuwa da ya kunna na'ura ya yi shelar inda yake, kuma abokin gaba yana da nasa masu sauraren. Sau da yawa da kaya a baya yake tafiya tare da sojan ƙafa. Yaƙin Yukren tun 2022 ya ɗaga darajar wannan sana'a ƙwarai, saboda jirage marasa matuƙa da toshe GPS, har aka koma sarrafa wasu jiragen da zaren faiba don kada a iya katse su. Wani ɓangare da ba a cika faɗa ba shi ne kare sadarwar gida. A Iraƙi, na'urorin da aka sa don hana tayar da bama-baman gefen hanya sun riƙa dagula rediyon sojojin da ke ɗauke da su. Warware irin wannan rikici babban kaso ne na aikin.

Masu sha'awar sama su lura. Jirgin toshe sigina EA-18G kujera biyu gare shi, kuma duka na hafsoshi ne. Jirgin saurare RC-135, wanda Amurka da Birtaniya ke amfani da shi, yana ɗaukar ƙananan sojoji masu harshe. Kada a ce tun da saurare ne babu haɗari: a 2001 wani jirgin leƙen asirin Amurka EP-3 ya yi karo da jirgin yaƙin Sin, aka tsare mutum 24 na cikinsa kwana 11 a tsibirin Hainan.

Duk hanyoyin nan suna da shinge ɗaya, wato binciken amana. Yawanci sai ɗan ƙasa, kuma za a tona bashin da ke kanka, ƙasashen da ka je, da alaƙarka da mutanen waje. Binciken kan ɗauki watanni. Ɓoye abu ya fi abin da aka ɓoye illa, domin masu binciken sun fi tsoron maƙaryaci.

Game da bayan ritaya, mai radar da mai toshewa suna fita da ilimin da kamfanonin sadarwa da na ƙera kayan yaƙi ke nema. Mai harshe ya fi samun ƙofa a hukumomin tatsar bayanan sadarwa irin NSA ta Amurka ko GCHQ ta Birtaniya, sai dai harshe yana tsatsa idan aka ajiye shi shekara biyu. Dukansu kuma za su zauna gaban mai ɗaukar aiki, ya tambaye su abin da suka yi a soja, mafi yawan amsar kuwa doka ta hana su faɗa.