Ma'aikatan ergoterapi: wane ƙarin karatu ta intanet ya dace da mu a Maradi?

Ma'aikacin ergoterapi (mai taimaka wa mara lafiya ya iya ayyukansa na yau da kullum), wanda ke koya wa mai shanyewar ɓarin jiki riƙe ludayi, ko yake yi wa mai kuturta ɗaurin hannu a Danja, ba shi da abokan sana'a da yawa a kusa. Dole ya nemi ilimi ta waya, amma a duba da kyau kafin a kashe ko dala.

Darussan da aka naɗa su ne mafi araha. TAP, darasin intanet na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kayan taimaka wa naƙasassu, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, yana koyar da auna sanda da sauran kayan taimako. Physiopedia Plus na kuɗi ne, galibi da Ingilishi, kuma ya fi karkata ga gashin ƙashi. Ƙungiyar ma'aikatan ergoterapi ta duniya (WFOT), wadda aka kafa a 1952, ita ma tana da darussa. Matsalarsu ɗaya ce: babu mai duba aikinka.

Aji kai tsaye ta Zoom yana iya cin fiye da rabin giga a awa ɗaya idan kyamara na kunne. Rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke, darasi ya wuce. Idan malamin yana gabashin Amurka, tazarar awa 5 ko 6 ce, ajin yammarsu ya zama tsakar darenmu.

Mun fi ba da shawarar samun jagora guda, ƙwararre, ta WhatsApp, a haɗa da darasin kyauta. Ka ɗauki bidiyon daƙiƙa 30 na hannun mara lafiya yana ƙoƙarin ɓalle maɓalli, bayan ya yarda, ba tare da fuska ko suna ba. Jagora ya amsa da saƙon murya. Ku tsayar da rana ɗaya duk mako biyu, domin rashin tsayayyen lokaci ne ke kashe wannan tsari.

Ka tambayi jagoran tun farko: ya taɓa aiki inda babu robar yin ɗauri da ake sa ta yi laushi a ruwan zafi? Wanda bai san yin ɗauri da bututun PVC ba, ko kujerar yaro da kwali, zai yi ta rubuta maka kayan da babu su a kasuwar Maradi. Ka kuma tabbatar da hanyar biya, don yawancin shafukan katin banki suke karɓa, ba Airtel Money ba.