Filin da zaiba ta gurɓata: a binne shi ko a kwashe?

Inda aka wanke zinari da zaiba, ƙasar wurin ba ta daina fitar da guba don masu haƙa sun tashi. Rana na dukanta, zaibar na tashi tururi marar wari marar launi, mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi abin ya fi tsanani.

Hanya mai sauƙi ita ce a lulluɓe filin da yumɓu mai kauri, a daddaɓe, a shuka ciyawa. Rana ba ta kai wa ga gurɓatacciyar ƙasar, tururin ya ragu. Amma zaibar na nan kwance. Damina biyu ta zaizaye gefen, ko wani ya zo ɗiban ƙasar bulo, an koma gidan jiya.

Kwashewa kuwa tsada gare ta, kuma tonon kansa na tayar da tururi, sai ma'aikata sun kare numfashinsu. Haka aka kwashe ƙasar gidaje a Zamfara a 2010, kodayake can dalma ce.

Ni dai filin da ke cikin gari, inda yara ke wasa, a kwashe shi. Na daji mai nisa da rafi, a binne, a kewaye, a hana noma.