Kocin da ke haɗa yara karo da kocin buhun soso: wanne za ka kai wa ɗanka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ɗanka mai shekara 12 ya nace sai ƙwallon ƙafar Amurka, ka je ka kalli atisayen ƙungiyoyi biyu a garinku. Kocin farko kullum haɗa yara karo yake yi, sannan ya sa su zagaya fili har su galabaita. Na biyu da buhunan soso yake aiki, gudunsa kuma gajere ne. Tsoronka kada na biyun ya mayar maka da yaro rago.

Da alama abin da ka gani wurin na farko shi ne atisayen Oklahoma, wanda ya samo suna daga Jami'ar Oklahoma zamanin koci Bud Wilkinson. Ana ajiye buhu biyu a yi ɗan lungu, a tsayar da yara fuska da fuska, a busa usur su gwabza, mai riƙe da ƙwallo yana neman kutsawa, sauran sun yi da'ira suna ihu. Yana nuna mai ƙarfin zuciya, wannan ba musu. Amma ka lura da yaron da gabansa ke faɗuwa: da an busa usur sai ya sunkuyar da kai ya runtse ido, kuma wannan sunkuyon ne ke jawo raunin wuya da girgizar ƙwaƙwalwa. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa buguwa daga ciki. A 2019 NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa a Amurka, ta nemi ƙungiyoyinta su daina wannan atisaye, ƙattai ke nan fa, balle ɗan shekara 12. A 2012 kuma Pop Warner, babbar ƙungiyar wasan yara, ta taƙaita karo zuwa kashi ɗaya cikin uku na lokacin atisaye, ta hana a tsayar da yara da tazarar da ta wuce yadi 3 su rugo su haɗu kai da kai.

Mai buhun soso kuwa kayarwa yake koyarwa. Kai a ɗage, kafaɗa ta daki cinya, kan ya zame gefe, hannaye su rungume ƙafafu kamar ɗan kokawa ya samu shiga. Salon 'yan zari-ruga ne, Pete Carroll, kocin ƙungiyar Seattle Seahawks a lokacin, ya yaɗa shi cikin wani bidiyo a 2014. A kan buhu yaro zai yi ta maimaitawa har jikinsa ya haddace, ba tare da kansa ya bugu ba. Iyakarsa ɗaya: buhu ba ya kaucewa, ba ya ramawa. Dole yaro ya ɗanɗani karo na gaske kafin ranar wasa, amma kaɗan, kuma da sa'ansa a girman jiki.

Batun gudu ba ya buƙatar dogon zance. Wannan wasa ba kamar tamaula ba ne, 'yan daƙiƙu ake yi ana fafatawa sai a tsaya, a makarantun sakandare ma agogo daƙiƙa 40 yake bayarwa kafin a sake tashi. Gudun yadi 10 zuwa 40 da hutu a tsakani ya fi zagayen fili kama da abin da yaron zai tarar.

Abin da ya fi tayar min da hankali zafi ne, don a watan Agusta ake fara atisaye. A 2001 zafi ya kashe Korey Stringer, ɗan wasan Minnesota Vikings, a sansanin horo. Ka'idar da masana suka fitar wa makarantun sakandare a 2009 ta ba da kwana 14 jiki ya saba: kwana biyun farko hular kwano kaɗai, na uku zuwa na biyar a ƙara sulken kafaɗa, cikakken kaya sai rana ta shida. Kocin da ke hana yara ruwa don wai su yi tauri, ka ɗauke ɗanka a ranar.

Ni dai na biyun zan zaɓa. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka tambaye shi minti nawa yara ke karo a mako, wa ke duba yaro idan kansa ya bugu, kuma ko akwai bahon ruwan ƙanƙara a bakin fili don sanyaya yaron da zafi ya galabaitar.