Ƙarin mahaifa: a yanka a cire, ko a toshe masa jini?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta ce hoton sikanin ya nuna tana da ƙarin mahaifa, al'adarta tana zuba har ta kai ga ƙarancin jini. Likita ya ba ta zaɓi biyu, tana neman wanne ya fi.

Hajiya, ƙarin nan da jini yake rayuwa, kuma hanyoyin biyu a nan suka rabu. Tiyata tana cire shi a bar mahaifa. Matsalarta ita ce zubar jini yayin aikin, shi ya sa ake so a tanadi jini tukuna, wasu likitocin kuma sukan ɗaure jijiyoyin mahaifa na ɗan lokaci ko su ba da maganin tsayar da jini. Idan jinin ya ƙi tsayawa, akan cire mahaifar gaba ɗaya don ceton rai, ko da yake ba kasafai ba. Warkewa bayan an buɗe ciki takan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Toshe jijiya kuwa, wanda likitan Faransa Jacques Ravina ya fara bayyanawa a 1995, ba a yanka ciki. Ana zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a tura wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da yashi su toshe hanyar jinin, ƙarin ya motse a hankali. Cikin mako 1 zuwa 2 mace ta miƙe. Sai dai kwanakin farko akwai ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, kuma ga wadda ta haura 45 al'ada tana iya ɗaukewa. Ƙarin ma bai tafi ba, motsewa ya yi. Binciken FEMME da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2020, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun ɗan fi samun sauƙi bayan shekara 2.

A ganina, in kina son haihuwa nan gaba, tiyata ta fi. In kin gama haihuwa, toshewar ta cancanci a duba ta, idan akwai mai yi kusa da ke, domin a wajenmu masu yin ta kaɗan ne, ga tsada.

Kafin ki yanke shawara, ki lura da ƙafafunki. Babban ƙari yana iya danne jijiyoyin ƙugu, jini ya daskare a ƙafa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya kwatsam, a tafi asibiti a ranar.