Kayan kwance hannayen ƙofar mota: yadda suka yi mini aiki a kan Volkswagen Beetle ƙirar 1966

Motar da na gwada waɗannan kaya a kanta Volkswagen Beetle ce ƙirar Jamus ta 1966, wadda na gada daga kawuna, kuma ta girmi masana'antar Volkswagen ta Legas da ta fara harhaɗa irinta a 1975 da shekara tara. Tun bayan damina gilashin ƙofar direba ya fara cijewa, yana tsayawa a rabin hanya, har ya kai sai na sa tafin hannu na taimaka masa kafin ya hau. Babu yadda za a kai ga injin ɗaga gilashin sai an cire hannun waina gilashi da hannun buɗe ƙofa, sannan a ɓalle marfin ciki gaba ɗaya. Da yake ba na son a sa wa ƙofar da ta shekara kusan sittin sukudireba da ƙarfin tuwo, sai na sayi kayan da aka ƙera musamman domin wannan aiki a wani shagon kayan gyara a Kano.

Guda bakwai ne a cikin jakar yadi, babu sunan kamfani a jikinsu. Akwai sandunan roba huɗu masu faɗin baki daban-daban, da ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu wanda aka yi wa mariƙi irin na sukudireba, da wani fallen ƙarfe mai tsaga a gaba, sai ɗan ƙaramin ƙugiya. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan babu motar da ba ya buɗewa." Na yarda cewa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar ba haka take ba, kuma dalilin yana cikin yadda kowane kamfani ya ɗaure hannayen ƙofarsa.

Hanyoyi uku aka fi bi wajen riƙe hannun waina gilashi a tsofaffin motoci. Da yawa daga cikin motocin Amurka da na Japan suna amfani da wata 'yar waya mai siffar kofaton doki da ke ɓoye a bayan hannun, kuma saboda ita aka yi fallen ƙarfen nan mai tsaga, ana zura shi a ture ta. Beetle daga 1968 zuwa gaba sukuru ɗaya ne ke riƙe hannun, a ƙarƙashin murfin roba da ake ɗagawa da farce. Beetle irin tawa kuwa, ɗan fil ne na ƙarfe ya ratsa gindin hannun da sandar da yake juyawa, kuma ba a ganinsa sam, domin zoben ado ya rufe shi, sifirin da ke bayan marfin kuma yana tura marfin da zoben waje. Saboda haka fallen ƙarfen, wanda shi ne aka zana hotonsa a jikin jakar, bai tsinana mini komai ba. Don in yi masa adalci na gwada shi a tsohuwar motar Japan ta maƙwabcina, kuma wayar ta fita a zurawa ta biyu ba tare da ya karci komai ba. Kayan ba shi da laifi, ba aikinsa ba ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne jakar ba ta zo da tsinken ture fil ba, alhali shi ne abu mafi arha da za a iya sakawa a ciki. Sai da na nemi ƙusa siririya na goge tsininta a kan dutse har bakinta ya baje. Ga yadda aikin ya kasance: na danna zoben ado ciki da babban yatsa har marfin ya lotsa, na cusa siririyar sandar roba tsakanin zoben da gindin hannun don ta riƙe mini tazarar, na juya hannun a hankali ina haska fitila har kan fil ɗin ya bayyana kamar ƙwayar gero. Na hannun buɗe ƙofa ya fita da turawa ɗaya. Na gilashin kuwa tsatsa ta kama shi, sai da na ɗiga masa mai na bar shi ya kwana, washegari na ɗan ƙwanƙwasa ƙusar da ƙaramar guduma ya zame. A nan sandar robar ta yi rana, domin da sukudireba na sa a wurin da zoben ya tsage, kuma robar da ta sha zafin Kano shekara da shekaru ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Ina ba da shawarar a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa kafin a fara, saboda fil ɗin bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, kuma idan ya faɗa cikin yashi an yi sallama da shi.

Wurin da kayan suka nuna bambancinsu da gaske shi ne ɓalle marfin. Bayan marfin wani kwali ne mai tauri irin na silin, an lulluɓe shi da ledar kujera, kuma kilif-kilif na ƙarfe da aka jera a gefensa su ne ke shiga ramukan jikin ƙofa, kowane rami da 'yar robarsa. Kwalin nan ya sha laimar damina da bushewar hunturu har ya zama kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Na fara da babbar sandar roba daga kusurwar ƙasa, sai ta lanƙwashe a hannuna, ƙarfin ya tafi kan kwalin maimakon kan kilif ɗin, na ji ƙarar da ba na son ji: kilif ya zauna daram a cikin ƙofa, kwalin da ke kewaye da shi ya yage. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin marfin na asali ne.

Wani dattijo mai gyaran kujerun mota a unguwarmu, wanda na kira ya duba ɓarnar, ya ɗauki ƙarfen mai baki biyu ya jinjina shi ya ce, "Ɗana, wannan shi ne kayan aikin, sauran rakiya suka yi masa." Ya nuna mini yadda ake lalubo kilif da yatsa tukuna, a zura ƙarfen har yatsunsa biyu su rungume wuyan kilif ɗin ta kowane gefe, a sa tsumma tsakaninsa da fenti, sannan a murɗa wuyan hannu kaɗan maimakon a ja. Da haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma ko ɗaya bai sake yaga kwali ba, a ƙofar direba da ta fasinja duka. Ƙarfen yana da kauri daidai, bai lanƙwashe ba, sai dai bakinsa ya zo da kaifi, na ɗan goge shi da sanfefa kafin in amince masa kusa da fenti. A ƙofar fasinja akwai ƙarin abin lura: madogarar hannu tana rataye ne a kan wani ƙarfe da ke jikin ƙofa, don haka bayan kilif sun saki ana ɗaga marfin sama ne, ba a fizgo shi waje.

Da marfin ya fita, sifirin biyu masu siffar mazurari suka bayyana a kan sandunan, kuma gefensu mai faɗi ne ke fuskantar marfin, abin da ya kamata a ɗauki hotonsa kafin a taɓa su. Ledar da ke tare ruwa ta riga ta zama tsumma, na yanka sabuwa na manna. Ɗan ƙugiyar nan da na raina ya yi amfani wajen zaro robobin ramuka da suka bushe, da kuma buɗe ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa da ƙura ta toshe, waɗanda su ne suka sa ruwa ya kwanta har tsatsa ta kama injin gilashin. Wanki da sabon giris suka wadatar, gilashin ya koma hawa da yatsa biyu.

Hukuncina a kan jakar shi ne guda uku cikin bakwai ne suka yi mini aiki, wato ƙarfe mai baki biyu, da siririyar sandar roba, da ƙugiya. Manyan sandunan roba sun yi laushi da yawa ga kilif na ƙarfe, sun fi dacewa da motocin zamani masu kilif na roba. Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba, domin ƙarfen nan shi kaɗai ya ceci marfi biyu da samun irinsu a kasuwanninmu yake da wuya. Mai Beetle ta kafin 1968 zai iya sayen jakar, amma ya haɗa da tsinken ture fil tun daga shagon, kuma ya fara aikinsa daga ƙofar fasinja, wadda hannayenta ba su sha wahala kamar na direba ba.