Sabuwar jif da fuskar tsohuwa: wace hanya ta fi?

Wanda ya taɓa tsayawa gaban Land Cruiser FJ40, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, ya san abin da ke jan mutane: fitilu biyu zagaye, farin rufi, bodi a miƙe kamar akwati. Wanda ya taɓa tuƙa ta yini guda kuma ya san ɗaya gefen. Sitiyari da tauri, ƙara ta cika kunne, tsatsa na cin ƙasan ƙofa, birki sai an taka da niyya. Shi ya sa mutane da yawa ke sayen sabuwar jif su yi mata shigar tsohuwa. Ina son wannan aiki ƙwarai, kuma ina jin ciwon ganin an lalata mota mai lafiya saboda an fara daga inda bai kamata ba.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, tsaya a gefen motar ka dubi ƙirarta. Yadda gilashin gaba ya tsaya, tsayin rufi, faɗin tagogi, waɗannan ba sa canzuwa da kayan ɗaurawa. Motocin zamanin da suna da gilashi a tsaye da gefe shafaffe. Idan taka mai gilashi a kwance ce, da bodi mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko ka sa mata fitilar zagaye ido zai gane akwai abin da bai zauna ba. Dalilin da ya sa Suzuki Jimny ta 2018 ta zama abin so ga masu wannan sana'a ke nan. Tun daga kamfani akwati ce, tana kan shasi irin na da, wato firam ɗin ƙarfe da ake ɗora bodi a kai, da injin lita 1.5. Kamfanin Damd na Japan yana yi mata kaya iri-iri: Little D da ke mai da ta kamar tsohuwar Land Rover Defender, Little G da ke kwaikwayon G-Class ta Mercedes, da Dronco mai fuskar Ford Bronco ta farko. Suna zama daidai ne domin ƙashin motar ya riga ya yarda. Sabuwar Defender ta 2020 kuwa tana ba masu gyara wahala: suna ɗaya da tsohuwar da aka daina ƙerawa a Janairun 2016, amma jiki daban, ba ta ma kan shasi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi wadda kamfani ya riga ya yi wa kwalliyar da. Ford ta dawo da Bronco a 2021, ta kuma fitar da Heritage Edition mai farin rufi da farar ragar gaba, don tunawa da ta 1966. Land Cruiser 70, da ake ƙerawa tun 1984, ta koma fitilar zagaye a 2023. Ineos Grenadier kuwa sabuwa ce fil, da injin BMW, amma daga nesa sai ka rantse tsohuwar Defender ce. Garanti na nan, inshora ba gardama. Aibinta ɗaya: akwai dubbai irin taka.

Hanya ta biyu ita na fi so, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Ka canja ragar gaba, fitilu, rim da launi, ka tsaya nan. Rim na ƙarfe fari da taya siririya mai tsayin gefe suna tsufar da mota fiye da yadda ake zato. Launi ma haka: ruwan ƙasa, shuɗi mai haske, kore mai duhu, da farin rufi a sama. Idan kana shakkar launin, a liƙa mata leda maimakon fenti, ranar da ka gaji a ɓare. Amma a nan ɗin ma akwai tarko. Ƙaramin rim na iya ƙin shiga saboda birkin motocin yanzu manya ne, don haka a gwada ɗaya kafin a biya kuɗin biyar. Taya da ta fi ta asali girma tana sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Fitila kuma ana yin ta ne bisa hannun da ake tuƙi. Wadda aka yi wa Japan ko Ingila, inda ake bin hagu, za ta riƙa kashe idon masu tahowa a ƙasar da ake bin dama.

Hanya ta uku ita ce cikakken kaya, wato bamba, bonet, fenda da raga gaba ɗaya. Misali mai kyau shi ne Renoca 106 ta kamfanin Flex na Japan, inda ake ɗaukar Land Cruiser 100, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007, a ba ta fuskar Land Cruiser 60 ta shekarun 1980. A wannan mataki tambayar farko ita ce da me aka yi kayan. Faiba tana da sauƙin kuɗi, amma tana tsagewa a hanya mai gargada, kuma sau da yawa sai mai gyaran bodi ya goge ya cike kafin ta zauna. Roba mai tauri da ake kira ABS ta fi zama daidai. Ƙarfe yana jure duka, sai dai nauyinsa na danne gaban mota, har a buƙaci sabon sifirin. Araha ba ta ado, a nan kam gaskiya ce: kwaikwayon kayan kamfani da ake samu a intanet kan bar rata tsakanin bonet da fenda wadda yatsa zai shige.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani. Motar yanzu na iya ɗauke da rada, wato na'urar da ke hango abin da ke gaban mota, a bayan raga ko tambari, da kyamara, da na'urorin da ke sa jakar iska ta buɗe lokacin haɗari. Raga mai kyau da ta toshe rada ta kashe birkin gaggawa mai kama kansa. Wadda ramukanta suka yi ƙanana tana hana lagireto shan iska, ba kuwa za ka sani ba sai ranar da kake hawan tudu da kaya. Ka tambayi mai sayarwa ƙarara ko an yi kayan don shekarar motarka da irin na'urorinta, ya rubuta maka amsar. Ka kuma sanar da kamfanin inshora, ka duba dokar ƙasarka kan fitila da bamba.

Hanya ta huɗu, ɗora tsohon bodi na gaske kan sabon shasi, aikin masu kuɗi da haƙuri ne. Yanka, walda, sake wayoyi, da rigimar takardu kan wace lamba motar za ta ɗauka. Idan ba ka da gwanin da ka ga aikinsa da idonka, bar ta.

Wata magana da ban iya haɗiyewa ba: kada ka manna tambarin Land Rover a kan Suzuki. Kama da wane ba ta wane. Jimny mai shigar Defender abin sha'awa ce matuƙar tana amsa sunanta.

Ga mai farawa, zaɓina Jimny ce ko wata jif mai ƙirar akwati, da kayan da ake ɗaurawa a ramukan noti na asali ba tare da huda bodi ba, domin duk ramin da aka huda ƙofar tsatsa ce. Bamba, raga, fitilu da rim da aka cire, a naɗe su a ajiye a busasshen wuri. Mai sayen mota daga hannunka wata rana zai iya cewa asalin fuskar yake so, kuma a yini ɗaya makanike zai mayar masa da ita.